Mahaifiyarmu mai cutar mantuwa ba ta daina nishi da kiran suna: ciwo ne, ko me?

"Assalamu alaikum Likita. Daga Bolari nake, a cikin garin Gombe. Mahaifiyarmu ta haura shekara 80, kuma shekara huɗu ke nan da aka ce mana cutar mantuwa ce ke damunta. Da farko ajiye abu take yi ta ce an sace, ko ta idar da sallah ta sake tashi ta ce ba ta yi ba. Yanzu maganarta ta ragu ƙwarai, sai wani sauti da take yi ba ƙaƙƙautawa: 'umm, umm, umm', wani lokaci 'wayyo, wayyo', wani lokaci ta yi ta kiran 'Dada', alhali Dadar tata ta rasu tun ba a haife mu ba. In na ce Hajiya me ke damunki, sai ta ce ba komai, ina juya baya ta ci gaba. Daga la'asar abin yake tsananta, har tsakar dare. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Mai kemis ya ba mu maganin barci, ta kwana biyu tana layi, muka daina. Ni ke kwana da ita, kuma wallahi na fara yi mata tsawa, in koma gefe in yi ta kuka. Ciwo take ji? Tana sane take yi? Akwai maganin da zai sa ta yi shiru?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya. Allah ya ba Hajiya sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri.

Abu uku kike son sani: ko sautin nan alamar ciwo ne, ko tana sane, da kuma ko akwai ƙwayar da za ta tsayar da shi. Ta tsakiyar ce mai gajeriyar amsa, bari in sauke miki ita tun yanzu: ba da gangan take yi ba. Ta farko kuwa, mai yiwuwa ne ƙwarai, kuma a kanta za mu fi daɗewa. Ta uku, akwai magungunan da ke sa tsoho shiru, sai dai yawancinsu shirun da suke kawowa ya fi nishin illa. Ban ga Hajiya ba, ban taɓa cikinta ba, ban auna ta ba, don haka abin da zan ba ki hanyar bincike ce, ba hukunci a kan abin da ke damunta ba.

Abin da cutar ke yi wa magana

Mutanenmu gigin tsufa suke ce wa ciwon mantuwa, kamar duk wanda ya daɗe a duniya sai ya yi. Ba haka ba ne, ga 'yan shekara 90 nan da za su lissafa miki jikokinsu kaf har da ranar sunan kowa. Cuta ce, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da ita sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke, irin tamu. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana shi a 1906. A nan wajenmu muna kuma yawan ganin wanda hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa, inda ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke toshewa ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa ma biyun ne ke haɗuwa a kan mutum ɗaya.

Kowanne ne, in tafiya ta yi nisa, wurin da ke samo kalma ya haɗa ta da abin da jiki ke ji yana lalacewa. Hajiya za ta iya jin mararta ta cika, ko ƙugunta na zogi, amma hanyar da za ta mayar da wannan ya zama "ina jin fitsari" ta yanke. Abin da ya rage mata shi ne abin da kowa ya zo duniya da shi: nishi, kuka, kiran uwa. Sannan sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke ce wa mutum ya isa haka, shi ma yana mutuwa. Shi ne birki, in babu shi sautin da aka fara ba ya tsayawa don kansa. Ga kuma mantuwar: kiran da ta yi minti ɗaya da ya wuce ba ya kanta, a wurinta kowane "Dada" shi ne na farko.

Shi ya sa "ba komai" ɗin nan da take ce miki ba hujja ba ce. Amsa ce da bakinta ya saba da ita tun ƙuruciya, irin ta iyayenmu mata da aka raina da dauriya da kunya, waɗanda ko a kan gwiwa ba a jin muryarsu. Gaisuwa, "lafiya lau", "ba komai" da salati suna cikin abubuwan da ke daɗewa ba su goge ba. Shirun da take yi in kin yi mata magana, ta ci gaba in kin juya, shi ke sa masu jinya su ce ai tana sane. Ni alamar alheri nake ɗaukar sa. Yana nuna muryar mutum tana isa gare ta har yanzu, kuma akwai inda za a kama.

Yaushe ya fara?

Ba ki faɗa min ko a hankali abin ya shigo cikin watanni ba, ko cikin kwana biyu zuwa uku. Bambancin babba ne. In mai cutar mantuwa ya canza farat ɗaya, ya rikice fiye da yadda aka san shi, yanzu yana fizge-fizge an jima ya yi laƙwas, to ba mantuwar ce ta ƙaru ba, wata cuta ce ta shiga jiki ta hau kai. Zazzaɓin cizon sauro, ƙwayoyin cuta a mafitsara, nimoniya (ciwon huhu), sugan da ya faɗi ƙasa ga mai shan maganin suga, ko wani sabon magani da aka fara. Tsoho zai iya ɗauke da nimoniya jikinsa bai yi zafi ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40, ƙarancin ruwa kaɗai ya isa, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar matashi, mai mantuwa kuma ko ya ji ba zai nema ba. Saboda wannan dalili ne ma nake roƙon iyalai kada su bar irin Hajiya ta ɗauki azumi don ta ga ana yi; ku tambayi malamai, za su gaya muku wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami.

In farat ɗaya ne, kada a kwana. A kai ta asibiti a yi gwajin jini da fitsari da suga. Haka in sautin yana zuwa da haki, ko muryarta na zama kamar da ruwa a maƙogwaro bayan ta ci abinci, ko ta faɗi kwanan nan ko da ba ta yi ƙorafi ba. Karayar ƙugu da taruwar jini a cikin kai duk suna iya ɓuya a jikin wanda ba ya iya faɗa. Akasin haka ma abin lura ne: mai yawan nishi in ya yi tsit rana ɗaya, ya ƙi ci ya ƙi sha, ba sauƙi ba ne ya samu.

Ciwon da ba a faɗa ba

In a hankali ya shigo, abin da nake fara nema ciwo ne, kuma ba na yarda babu shi sai na duba da hannuna. An taɓa kawo min wani dattijo daga wajen Dukku, 'ya'yansa sun ce ya yi mako yana "hai, hai, hai" dare da rana, yana jan wandonsa, sun ɗauka tsiraici yake son yi saboda gigi. Da na ɗora hannu a mararsa sai na ji ta yi tauri ta taso har kusa da cibiya. Ƙullutun da ke wuyan mafitsarar maza ne ya kumbura ya tare hanya, fitsarin na ɗiga kaɗan-kaɗan yana jiƙa wando, shi ya sa ba wanda ya yi zaton ya taru. Ana sa masa robar fitsari, kafin jakar ta cika ya yi barci. Mantuwarsa tana nan yadda take, amma "hai, hai" ɗin ya tafi.

Ba mu kaɗai muka lura da haka ba. A 2011 an wallafa wani bincike daga ƙasar Norway a kan tsofaffi 352 masu cutar mantuwa da ke yawan tayar da hankali a gidajen kula da tsofaffi. Aka raba su biyu, aka riƙa ba kashi ɗaya maganin ciwo a kan ƙa'ida na mako takwas, mafi yawansu farasitamol kawai, ba tare da jiran su ce suna jin ciwo ba. Tashin hankalinsu ya ragu, kuma da aka janye maganin ya fara dawowa.

To yaya za ki gane ciwo a jikin wadda ke ce miki ba komai? Lokacin wanka da sauya kaya ya fi dacewa, domin ciwon gaɓɓai a motsi yake bayyana. Ki zuba wa fuskarta ido sa'ad da kike tayar da ita zaune ko kike juya ta: tana yamutsa fuska, tana runtse ido, tana cije leɓe? Tana ƙanƙame jiki, tana dunƙule hannu, tana ture ki in kin zo wani wuri? Numfashinta na sauri? In kin rarrashe ta tana lafawa, ko ba ta ma san kina yi ba? Waɗannan su ne abubuwan da mu ma muke dubawa a asibiti, kuma ke da kike kwana da ita kin fi mu sanin fuskarta ta yau da kullum.

Sannan ki bi jikin daga sama har ƙasa, da fitila a hannu. Ki buɗe bakinta. Haƙorin da ya ruɓe ko ya karye yana yankar harshe, dasashin da ya kumbura, farin abu a kan harshe, duk na sha ganin su a bakin tsofaffin da aka ce aljanu ne. Ki duba ƙarƙashin nono da matsematsi, inda gumi da fitsari ke cin fata, musamman in ana sa mata famfas ɗin manya a lokacin zafi. Ki duba ɗuwawu da ƙugu da diddige: jan wuri ko baƙin tabon da bai gushe ba bayan an ɗaga ta, farkon gyambon kwanciya ne. Ki duba farcen ƙafa ko ya shige nama. Ki ɗaga katifar ki duba kuɗin cizo. Ki kuma tambayi kanki awa nawa take yi zaune a tabarma a kan siminti ba wanda ya gyara mata zama.

Sai bayan gida. Yaushe rabonta da yi, kuma yaya yake fita? A nan ake yawan ruɗewa. Bayan gida na iya taruwa ya yi tauri ya toshe hanya, sai wani ruwa-ruwa ya riƙa zagayowa ta gefensa yana ɓata zani. Iyali su ce gudawa ce, a sayo Flagyl da maganin tsayar da gudawa, a ƙara toshe ta. Tsohuwar da ke wuni a kan koko da shayi, ba ganye, ba ruwa sosai, ba motsi, da wuya ta tsira daga wannan. Miyar kuka, zogale, gwanda, da ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai suna taimakawa, amma in ya riga ya toshe sai ma'aikacin lafiya ya sa hannu.

In kin duba ba ki ga komai a fili ba, ki nemi likitanta ya ba da izinin gwada farasitamol a kan lokaci, safe da rana da dare, na mako ɗaya zuwa biyu, a ga ko nishin zai ragu. Shi zai faɗi adadin bisa nauyinta da lafiyar hantarta. Ga tsoho dai ba a wuce giram 3 a yini, ga mai ƙaramin jiki ƙasa da haka. Abin da ba na so shi ne haɗin kemis na ciwon jiki, wanda ake ƙullawa a leda ba suna. Diclofenac, ibuprofen da Feldene suna cin ƙodar tsoho, suna fasa masa gyambon ciki, suna tayar da hawan jini. Tramadol kuma yana ƙara ruɗewa da taurin bayan gida.

Gida cike da mutane, ita kaɗai a ɗaki

Muna alfahari ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi kamar Turawa, kuma gaskiya ne. Amma ina shiga gidaje in tarar da mutum ashirin a tsakar gida, tsohuwa kuma tana can ƙuryar ɗaki, an sako labule, saboda zarnin fitsari da kunyar baƙi. Ana leƙa ta sau uku a yini da kwanon abinci. Idonta ya yi yana, kunnenta ya toshe da datti ko da tsufa. Wadda ba ta gani sosai, ba ta ji sosai, ba ta san inda take ba, muryar kanta ce kaɗai abin da ke tabbatar mata tana nan. Wani nishin daga nan yake fitowa. Cire dattin kunne da aikin yanar ido ba sa warkar da mantuwa, amma suna dawo da mutum cikin mutane.

Wata masaniya mai suna Jiska Cohen-Mansfield ta daɗe tana nazarin wannan, kuma ra'ayinta shi ne yawancin ihu da maimaita sauti buƙata ce da ba a biya ba. A wani ƙaramin bincike da ta yi a Amurka a 1997, zama a yi hira da tsoho ido da ido ya rage surutun da fiye da rabi, nuna masa bidiyon danginsa ya rage kusan rabi, kiɗan da yake so kuma kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai ragin na lokacin da ake yin abin ne. Ba a yi sau ɗaya a ce an gama.

Game da tsanantar da yake yi daga la'asar, wannan sananne ne a cutar mantuwa a ko'ina cikin duniya, har a ƙasashen da ba su san zancen fitowar iskokai da almuru ba. Agogon cikin jiki da ke bambance dare da rana ya lalace, gajiyar yini ta taru, haske na raguwa, inuwar ƙyaure ta koma mutum a tsaye. Kuma lokaci ne da gida ke hargitsewa: yara sun dawo daga Islamiyya, an kunna janareta, talabijin na ihu. Ki tuna kuma shekara nawa Hajiya ta yi tana tashi a daidai wannan lokaci don ɗora tuwon dare da tattaro yara. Jikinta na ce mata akwai abin yi, kanta ba ya gaya mata ko mene ne.

Abin da nake ba da shawara: a fito da ita ta sha hantsi kowace safiya, a rage mata dogon barcin rana, a daina ba ta shayi da goro daga azahar. A kunna fitila kafin duhu ya shiga, ba bayan ya shiga ba, kuma a bar ƙarama mai caji ko ta sola har safe, tunda wutar ba abin dogaro ba ce. Kafin lokacin da ta saba farawa, a kai ta makewayi, a ba ta abin taɓawa, wani ya zauna kusa da ita. A sa mata abu a hannu: carbi, tsintar wake a faranti in ba ta kai wa baki, ninke ɗankwali. Ba don aikin ya yi kyau ba.

In ta kira Dada, kada ki ce mata ai Dada ta rasu. A wurinta sabuwar mutuwa ce kike sanar da ita, za ta yi kukanta, ta manta dalilin, baƙin cikin ya zauna. Ba kuma sai kin yi mata ƙarya ba. Ki zo ta gabanta, ki durƙusa daidai fuskarta, ki riƙe hannunta ki ce, "Ga ni nan Hajiya, ina tare da ke. Dada kike tunawa?" Mai kiran uwa yawanci tsoro yake ji, kuma abin da yake nema shi ne a amsa. Tunda Dada take cewa, ina zaton da Fulatanci ta tashi. Harshen da mutum ya koya daga baya shi ke fara zubewa, na goyo ya saura. A jihar nan na ga tsofaffin da suka yi rayuwarsu da Hausa suka koma Fulatanci ko Teranci ko Tangale zalla, jikoki suna cewa sambatu suke yi. Ki samo wata tsohuwa cikin dangi mai jin harshen ta zauna ta saurare ta, ta kuma yi mata magana da shi. Gajerun surorin da ta haddace tun tana yarinya, a karanta a hankali kusa da ita, sau da yawa za ki ga leɓenta na bi. Muryar ɗanta da ke nesa, in ya turo ta WhatsApp yana gaishe ta yana kiran sunayen mutanen da, ita ma a gwada.

Ki samu littafi ki yi mako guda kina rubutawa: ƙarfe nawa ta fara, me ya faru kafin nan, wa ke wurin, ta ci ko ba ta ci ba, me ya sa ta lafa. Abin da ake gani kamar ba dare ba rana, in an rubuta shi yakan fito da tsari.

Addu'a ba na hana ta, ni ma ina yi. Karatu cikin murya mai taushi yana kwantar da irin su Hajiya. Abin da nake hanawa shi ne a danne tsohuwa ana yi mata ihu a kunne, ko a rufe ta da hayaƙi a ɗaki huhunta ba ƙarfi, ko a ɗura mata jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Ɗaurewa da kullewa kuma ƙara ihun suke yi. In kin ji wani a unguwa ya fara raɗe-raɗin maita saboda tana kiran sunan matattu da dare, ku tare shi da wuri, ku ce likita ya gani, cuta ce mai suna.

Maganar magani

Layin da Hajiya ta kwana biyu tana yi, kun yi daidai da kuka daina. Ban san me aka ba ku ba, amma abin da aka fi miƙawa a kemis shi ne diazepam, Piriton, Phenergan ko amitriptyline. Dukkansu suna daɗewa a jikin tsoho, suna ƙara ruɗewa, suna jawo faɗuwa, wasunsu suna riƙe fitsari da bayan gida, wato su haifar da ainihin abin da ke sa nishin. Wanda magani ya bugar kuma yana shaƙewa da abinci ya gangara huhu.

Akwai manyan magungunan ƙwaƙwalwa irin haloperidol, Largactil, risperidone da olanzapine. A 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa sababbin cikinsu suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa da kusan ninki 1.6 zuwa 1.7, a 2008 ta haɗa da tsofaffin magungunan ma. Suna kuma ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Akwai wani nau'in mantuwa da mai shi ke ganin mutane ko yara ko dabbobi a ɗaki, jikinsa na sandarewa, yau garau gobe a rikice. Mai irin wannan mantuwar, haloperidol kaɗan na iya kwantar da shi ya kasa tashi. Ina rubuta waɗannan magunguna, amma ga wanda tsoro ko gane-gane ke azabtarwa, ko yake neman ji wa kansa ko wani rauni, kuma ɗan kaɗan, na 'yan makonni, ana dawowa ana dubawa. Ga maimaita sauti kawai, a abin da na gani, su ne mafi ƙarancin amfani: ko dai ba su yi komai ba, ko su yi ta hanyar kwantar da mutum gaba ɗaya.

Inda magani ke da rawar takawa sosai shi ne in akwai ciwon damuwa a ƙasa: fuska kullum a ɓace, hawaye, ƙin abinci, farkawa tun kafin asuba da kuka. Irin sertraline ko citalopram na iya taimakawa, amma sai an yi makonni kafin a gani, kuma likita ne zai zaɓa bayan ya duba zuciya da sauran magungunanta. Donepezil da memantine, da ake bayarwa don mantuwar kanta, ba sa warkarwa. Wasu suna ɗan samun natsuwa da su, wasu ba sa samu. Wani lokaci ma magani ne ke kawo sautin: wanda ya daɗe yana shan haloperidol ko maganin amai metoclopramide zai iya fara tauna baki, lasar leɓe da gurnani ba da sonsa ba.

In an yi duka bai daina ba

Zai iya faruwa, kuma ba zan ɓoye miki ba. Akwai kason da lalacewar ƙwaƙwalwar ce kawai, ba ciwo, ba tsoro, kuma ba mu da maganinsa. A nan sai a sauya tambaya: ita tana wahala, ko mu ne muke wahala? In tana "umm, umm" fuskarta a sake, jikinta a sake, tana ci tana sha, to wataƙila rarrashin kanta take yi, a bar ta. Abin da ya rage shi ne yadda mutanen gida za su samu barci.

Tsawar da kike yi, na san abin da ke cin ki: ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf". Amma wadda ta yi watanni ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba, ba halinta ne ya ɓaci ba, jikinta ne ya gaza. Jinyar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma a gidajenmu kusan kullum a kan 'ya mace ɗaya ko suruka ɗaya ake jibge ta, sauran su riƙa bugo waya suna cewa a yi haƙuri. Ki tara 'yan'uwanki a yi karɓa-karɓa na kwana, a rubuce, da sunan kowa da ranarsa. Maza ba za su yi mata wanka ba, amma za su iya zama da ita daga la'asar zuwa isha'i, ko su biya wadda za ta riƙa karɓar ki. Daren da ba naki ba ki kwana a wani ɗaki, ki toshe kunne da auduga. In kin ji ranki ya kai wuya, ki tabbatar ba abin da zai ji mata ciwo, ki fita tsakar gida minti biyar, ki yi alwala ki dawo. Ke ma ki auna jininki, kuma in kukan ya zama kullum ki faɗa wa likita.

A Gombe za ki iya kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ki nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa. Kada sunan sashen ya tsorata ku, ba masu taɓin hankali kaɗai ake gani a can ba. Na Bauchi suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Ki zo da duk magungunan da take sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da wanda mai kemis ya bayar. Ki zo da littafin da kika rubuta, da bidiyon minti ɗaya ko biyu da kika ɗauka da waya lokacin da take yi, fuskarta na fitowa sosai, domin sau da yawa a gaban likita tsit suke yi. Kuma ke da kike kwana da ita ki shigo ɗakin likitan da kanki, kada a bar wa babban yaya da ya zo jiya daga Abuja ya yi bayani.